Ƙwallon da Na Jefa wa Ɗan Magarya

Shekarun baya can, cikin shekarun sittin, lokacin da ake ta rushe gidajen kewayen Harami ana faɗaɗa shi, ina zaune a unguwar Hindawiyya a Makka ni da wani abokina, ɗaki ɗaya na kwano da katako. Ni ba mai dogon karatu ba ne. In kun ga rubutun ya karkace ku miƙe shi a ranku, ku bar ni in faɗi abin da zan faɗa.

Ni daga ƙasar Ɓaɓura na fito, shi daga Magarya. Kasuwa ɗaya iyayenmu suke ci a gida, amma ba mu san juna ba sai a hanya, a Sudan, inda muka tsaya tsinkar auduga don mu samu na jirgin ruwa. A can na binne mahaifiyata, shi ya taya ni haƙa. Daga ranar ba mu sake rabuwa ba. Muka ƙetare tare, muka yi hajji tare, muka kuma maƙale a Makka tare, ba takarda ba komai.

Sana'armu dako. In aikin hajji ya zo sai mu tafi Mina, ni a saman mota ina kwance kayan alhazai, shi a ƙasa yana cafewa. Da farko sai na leƙo na gan shi kafin in saki ƙunshi. Da tafiya ta yi tafiya na daina leƙowa. In ya ce "Hat," wato kawo da Larabcin nan, kunnena ya riga ya san inda yake tsaye, sai in wurga ta bayan kafaɗa in juya kan na gaba. Ko kofin shayi ba mu taɓa fasa wa alhaji ba.

Matsalar guda ce, zuciyarsa tana gida. Duk shekara in alhazai suka fara ɗaure kaya sai ya tayar da zancen: "Bana kam zan bi su." Ni kuma in ce, "Ya sheikh, ƙara hajji ɗaya mana, ka koma da abin nunawa." Haka na yi ta riƙe shi. Gaskiya ba don abin nunawa ba ne. Ni ba ni da wanda zan koma wa, kuma na san wanda ya fita ba takarda ba ya dawowa. In ya tafi, ya tafi ke nan.

In hajji ya wuce, Makka shiru take yi. Aiki ya mutu, maza su zauna suna kallon juna. A irin wannan zaman ne wani tela ɗan Jawa, wato mutumin Indunusiya, ya kafa dogayen itatuwa biyu a wani fili bayan unguwa, ya ɗaura wa kowanne kwando da aka cire wa gindi. Ya ce wasa ne da suka koya wurin Turawan Holan, sunansa kofbol. Ba irin ƙwallon kwandon da kuke gani yanzu ba ne. Ba a buga ƙwallon da ƙasa, ba a gudu da shi, ba a fizge shi daga hannun mutum. In ya zo maka ka tsaya cik, ka nemi naka ka jefa masa. In kuwa wanda yake tsaronka ya matso ya ɗaga hannu a gabanka, ba ka da ikon jefawa kwando.

Abokina ya gama sauraro ya ce, "Wannan ai sauke kaya ne. Bambancin kawai babu alhajin da zai yi maka tsawa."

Sai tela ya ƙara da cewa a ƙasarsu rabi maza ne rabi mata, namiji ya tsare namiji, mace ta tsare mace. Wani dattijo cikinmu mai sayar da ruwa ya ajiye garwarsa ya ce, "Mata? A nan garin? Malam tela, so kake a yi mana aski ba tare da umara ba?"

Aka daidaita a kan cewa rabin kowane ɓangare su ɗaura jan ƙyalle a ka, su ne matan. Ni da abokina muka faɗa ciki, wai don gemunmu bai cika ba. Akwai wata inna mai sayar da soyayyar gyaɗa a bakin filin. Duk ranar da muka ɗaura ƙyallen sai ta ce, "Sannunku 'yan mata. Yaushe za a kawo lefe? In ji dai ba za a manta da ni ba."

Abokina ya ce, "Inna, wa zai ɗauki wannan? Dubi ƙafarta kamar ta raƙumi."

Muka yi ta wasan tsakanin la'asar da magariba. 'Yan Jawa sun fi mu sanin doka, amma wajen miƙa ƙwallo babu mai kama ƙafarmu. Ni da shi ba ma duban juna, ƙwallon dai yana zuwa. Yamalawa suka shigo, Indiyawa suka shigo. Da abin ya yi daɗi sai tela ya ce a yi gasa ta ƙasa da ƙasa, kamar yadda ake yi a duniya, wanda ya ci ya ɗauki sabuwar butar shayi. Ya ce shi zai ɗinka wa kowa tutarsa.

Ya juyo kanmu. "Tutarku fa?"

Muka dubi juna. Dattijon nan ya ce, "Mu Takari ne."

Tela ya ce, "Takari ba ƙasa ba ce, Baba. Suna ne da mutanen nan suke kiranku."

Yawancinmu mun baro gida tun zamanin Turawa. Mun san akwai ƙasar Ingilishi akwai ƙasar Faranshi, amma mun ɗauka rigimarsu ce su biyu, in sun tafi za su tafi da ita. An ce an samu 'yanci, mun ji a bakin alhazai, amma tuta babu wanda ya taɓa gani. Aka nemo wani malamin makaranta, alhajin shekarar ne da ciwo ya tsayar, ya zo yana dogara sanda. Ya tambaye ni garinmu, na faɗa. Ya tambayi abokina, ya faɗa. Ya ce, "To ai ku ba ƙasarku ɗaya ba. Kai Nijeriya, shi Nijar." Ya tsuguna ya zana tutoci biyu a ƙasa da yatsa, ya faɗi launin kowacce.

Da muna da wayo da mun ce a ɗinka guda mu fake a ƙarƙashinta. Amma da tela ya kawo tutocin, manyan maza suka rikice. Kanawa da Sakkwatawa da Katsinawa suka ja gefe, mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa suka ja nasu. Wani haifaffen Makka da bai san garin ubansa ba ya ce shi a sa shi duk inda aka rasa mutum.

Na ce da abokina, "Taku ma da gwaiduwar ƙwai a tsakiya."

Ya ce, "Taku kuma kamar tela ya gaji bai ƙarasa ba."

Da dariya ya faɗa, amma na ga yadda ya riƙe ƙyallen, yana shafa shi da babban yatsa. Ya ce a hankali, "Ashe muna da ƙasa."

Aka ja tsinke don a san wa zai kara da wa. Nijeriya da Nijar, wasan farko. Washegari da safe muna cin gurasa da wake sai abokina ya ajiye lomarsa ya ce, "Motar ƙarshe ta alhazan da suka makara tana gab da tashi zuwa Jidda. Na gaji da wannan ja-in-ja, kullum in ce zan tafi, kai ka ce in ƙara. Bari ƙwallo ya raba mu. In kun ci, na ƙara hajji, ba za ka sake jin bakina ba. In mun ci, zan kai tutar nan Magarya da hannuna."

Na ce, "Tayyib," wato na yarda. Na amsa da sauri ne don na san mun fi su dogayen mutane.

Ranar wasan filin ya cika. Tun da aka haife ni ban taɓa zuba ƙarfi a abin da ba abinci ba kamar ranar. Tunda ni da shi duk masu jan ƙyalle ne, ni aka ba tsaronsa. Na manne masa kamar kaska. Duk inda ya juya hannuna yana gaban fuskarsa.

Ya ce, "Yarinya, matsa in sha iska mana."

Na ce, "Kya sha a Mina baɗi."

Mu ci, su rama, mu ci, su rama. Rana ta faɗa bayan dutse muna kunnen doki. Tela ya ce wanda ya ƙara ci kafin a kira magariba shi ne da nasara. A lokacin su ne suke neman kwandonmu, mu muna tsaro. Wani Bamaraɗe ya jefa, ƙwallon ya bugi bakin kwando ya dawo. Na bar abokina na yi tsalle na cafe. Abin da ya rage in miƙa wa namu, su wuce da shi gaba. Hayaniya ta ko'ina, kowa yana kira da yarensa, gumi ya cika mini ido.

Sai na ji a bayana, ba da ƙarfi ba, "Hat."

Kafin kaina ya san abin da ake ciki ƙwallon ya bar hannuna, ta bayan kafaɗa, daidai ƙirjinsa.

Na juya. Yana tsaye ƙarƙashin kwandonmu da ƙwallo a hannu, shi ma bakinsa a buɗe. Bai jefa nan take ba, ya tsaya yana kallona. Tsakaninmu ba nisa. Da na matsa na ɗaga hannu, doka ta hana shi jefawa, kuma na san jirana yake yi in yi hakan. Na dubi fuskarsa, fuskar mutumin da ya daɗe bai ji ƙamshin ruwan farko a kan ƙasa ba. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ya ɗaga ƙwallon ya saka. Ladan ya ɗauki kiran salla.

Namu suka yi mini ca. Wani Bakano ya ce, "Kai ɗan Nijeriya ne ko Faranshi ce ta aiko ka?" Dattijon ruwa ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya miƙa wa ɓarawo makullin ɗakinsa ba sai yau. Inna mai gyaɗa tana dariya har da share hawaye ta ce, "Ku ƙyale ta. Wace mace ce za ta hana 'yar'uwarta?"

A hanyar masallaci na ce masa, "Da gangan ka kira?"

"Wallahi bakina ne. Na ga kaya a hannunka kawai. Kai da gangan ka jefo?"

"Hannuna ne."

Ya ce, "To halas. Baki da hannu sun yanke hukunci, mu namu ido." Bai tambaye ni dalilin da ya sa ban matso ba, ni ma ban faɗa ba.

Butar shayi 'yan Jawa suka ɗauke ta. Sun yi wa Nijar cin kaca a wasan ƙarshe, kowa ya ce da ba mu rabu biyu ba da tamu ce. Abokina ya naɗe tutarsa tare da gwangwanin zamzam da ɗan dabino. Na raka shi bakin mota. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka yafe mini." Na ce, "Hau mota, rana tana yi." Abin da na iya faɗa ke nan. Da na ƙara kalma ɗaya da na ba da kaina a gaban mutane.

Wasan bai yi nisa ba bayan haka. Aka yi gini a filin, tela ya koma ƙasarsu. Na ci gaba da dako da mutane iri-iri har baya ya ce ya isa. Yanzu ina zaune a Kudai, tashar motocin alhazai a nan Makka, ina dafa wa direbobi shayi.

Ba ni da wa'azin da zan yi muku. Abin da na sani shi ne na daɗe ina riƙe da mutum don kada in zauna ni kaɗai, ina kiran abin shawara. Ranar da na sake shi ban yi nadama ba, amma kada wani ya ce muku ba ciwo. Har yau in na sayi gurasa sai in ga ta yi mini yawa.

Duk shekara in motocin alhazan Nijar suka tsaya a nan, ina zagawa da butata ina tambaya ko akwai ɗan Magarya. In an samu sai in kwatanta shi: dogo, baƙi, mai tsage a kumatu, ya yi zaman Makka. Yawanci kai suke girgizawa. Mutum biyu ne suka taɓa cewa sun gane shi. Na farko ya ce Allah ya yi masa rasuwa shekarar yunwa. Na biyu ya ce yana nan da ransa, ya yi furfura, yana sayar da gero a kasuwa, jikoki sun hana shi sakat.

Na biyun na zuba wa shayi, kuma maganarsa na riƙe.