Hajiya Rabi'atu Yamusa da Layin da Ba a Sa wa Hannu Ba

Ranar Laraba, 11 ga watan Yuni, 2025, da hantsi, ina zaune a ofis ina jiran ki shigo ki yi mini faɗan fankar da na bari tana juyi tun jiya, sai ƙaninki Tawfiq ya kira ni. Ya ce jiri ya ɗebe ki kina shirin fitowa aiki, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Hawaye ma bai zo mini ba a lokacin, Hajiya. Gajiya ce kawai ta sauko mini daga wuya har gwiwa, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Ke ce shugabar sashen kula da ma'aikata a kamfaninmu na robobi da ke Idu, ni kuma mataimakinki, ko ɗan aikenki mai digiri, kamar yadda kike tsokanata. Ke kika sa aka ajiye wa mata masu ciki kujeru a wajen shirya kaya. Ke kika juya tsarin aiki har mai Juma'a ya samu Juma'arsa, mai coci ya samu Lahadinsa, ba wanda ya yi ƙorafi. Shi ya sa daga maigadi har direbobi ba mai kiran sunanki, Mama kawai ake cewa.

Abu ɗaya ne ya gagare ki, shi ne kuma ya hana ni sakewa.

Lokacin da kamfani ya ce zai sabunta ƙa'idojin ma'aikata, an ɗauko wasu masana suka kwafo mana kundi daga wata ƙasa. A shafin hutun rasuwa suka rubuta cewa sai an rasa uwa, uba, miji, mata ko ɗa. Kika ɗaga hannu kika ce, "A ƙasar nan mutum nawa ne suka girma a hannun waɗanda suka haife su kaɗai? Ni kaina gwaggona ce ta riƙe ni." Aka yi murmushi, aka buɗe shafi na gaba.

Ba a jima ba abin ya faɗa kan Meshach, mai lodin kaya a sito. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, ƙanwarta ce ta goya shi, ta sa shi makaranta, ta yi masa aure. Da ita ma ta rasu ya nemi hutu ya kai gawarta gida, kudancin Kaduna. Ƙa'ida ta ce ba uwarsa ba ce. Ya tafi abinsa, don ba ɗan da zai zauna yana loda bokitai ana binne wadda ta goya shi. Ya dawo ya tarar an sallame shi.

Ranar kika zauna kika rubuta layi ɗaya da za a ƙara a kundin: "da duk wanda ya riƙi ma'aikaci riƙon iyaye." Kika matsa wa manaja, Mista Godfrey, har ya yi alkawarin cewa ranar da aka sa wa layin hannu, Meshach zai koma bakin aikinsa.

Daga nan muka shiga zaman taro. Lauyan kamfani ya ce wa zai tabbatar da riƙon. Kika ce liman, fasto ko mai unguwa. Wani ya ce ai kowa zai riƙa ƙirƙiro gwaggo duk wata. Kika ce ba mai ɗora wa kansa mutuwa don hutu. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya tura wa manya, manya suka ce a gyara Turancin, aka gyara, suka ce a dawo da shi bayan an rufe lissafin shekara. Damina biyu muna wannan. Na ga ranar da kika fito daga ɗakin taro kika cire tabarau, kika dafe kai kika ce, "Hafizu, layi ɗaya ne fa. Ko Ƙulhuwa ta fi shi tsawo."

Shi kuwa Meshach ya koma dako a kasuwar kifi ta Kado, ga iyali a ɗaki ɗaya a Karmo. Duk Asabar sai kin je Kado sayen kifin da ba kya bukata, don dai ki gan shi ki ce masa, "Saura kaɗan." Mu ne muka ci moriyar wannan kifi a ofis, har na fara ɓuya idan na ga kular kifi a hannunki.

Ranar da kika rasu an sa jana'iza bayan azahar. Mista Godfrey ba mugu ba ne, amma ya buɗe kundin ya ce ba a yi tanadin hutun rasuwar abokin aiki ba, mutum biyu su wakilci kamfani. Rita, shugabar mata masu shirya kaya, ta miƙe ta ce da guntuwar Hausarta, "Oga, Mama ba colleague ba ne. Shi ya riƙe mu." Ta cire rigar aiki ta ninke. Ɗaya bayan ɗaya aka kashe injuna, mata suka nufi gidanki, maza muka bi makara.

A maƙabarta na tarar da Meshach, ya riga mu zuwa, laka har gwiwa, yana taya masu haƙa. Da aka gama rufe ki, ya jawo ni gefe ya ce, "Oga Hafizu, maganan nan, Mama ya yi signing kafin ya tafi?"

Na ce, "Ba ita ce mai sa hannu ba, Meshach."

Ya gyaɗa kai, ya goge hannu a wando, ya tafi neman motar Kado.

Yanzu ga inda muke, Hajiya. Taron da aka shirya don layinki an mayar da shi na duba hukuncin waɗanda suka bar aiki ranar jana'izarki, kuma ni aka ce in kawo bayani. Zan je. Kafin in ce komai zan karanta musu layin nan da ƙarfi. Ba ni da haƙurinki, ba ni da bakinki, kuma ban san ko za su sa hannu ba. Na dai san Asabar mai zuwa zan je Kado sayen kifi.

Allah Ya gafarta miki, Ya yi miki rahama, Ya yalwata kabarinki, Ya ba ki hutun da ba ki samu ba a ɗakunan taro. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki, da ƙaninki Tawfiq, da dukan dangin Yamusa. Ina kuma miƙa ta ga Meshach, da Rita, da duk waɗanda kika riƙa riƙon iyaye, waɗanda kundin kamfani bai san da su ba har yau. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, amin.