Ta-Bisa da Masu Hawan Banza

Duk wanda ya zauna Filinge a ƙarshen zamanin Nasara ya san wannan kira: "Kai mai tahiya! Hannu banza?" Daga can saman tudu yake saukowa, ya tarar da mutum tun bai ɗaga ƙafa ba. Muryar kakata ce, Hamsatu, wadda gari ya laƙaba wa Ta-Bisa.

Gidanta shi kaɗai ne a ƙarshen hanyar nan da muke kira Karya-Gwiwa, wadda ta miƙe tsaye kamar an jingina tsani. Rijiya kuwa tana ƙasa, cikin kwari. Kawu Mamane, babban ɗanta, ya yi rantsuwa cewa ranar da randarta ta bushe, ranar zai sauko da ita gidansa ko tana so ko ba ta so. To, ƙafafunta sun gaji, amma bakinta bai gaji ba. Sai ta sa aka jera goruna a gindin hawan, ta zauna bakin ƙofa tana gadin hanya. Ko gaisuwa ka zo, ko akuyarka ta ɓata, sai ka cika gora ka hau da shi.

Ana haka Nasara suka gano wurin. Ranar Lahadi sai ga kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, da baƙinsa daga Yamai, da malafuna da abin ɗaukar hoto, wai sun zo hawa.

Kaka ta leƙo ta ce wa tafinta, "Yaro, mi suka yar a nan bisa?"

"Ba su yar da komi ba, Inna. Hawa kawai za su yi, su duba, su sauka."

"La ilaha! Hawan banza? To ce musu in aiki ne ba su da shi, ga aiki nan na jira!"

Tafinta ya dubi kumandan, ya juya maganar da Faransanci: wai al'adar ƙasarmu ta Kurfai ce tun kaka da kakanni, ba a hawa tudun nan sai da ruwan mai wurin. Wayyo, ku zo ku ga murna! Kowane ya rungumi gora kamar jariri, suna haki, fuska ja wur. Daga ranar duk Nasaran da ya zo sai ya nemi nasa. Har wata madam ta yi fushi don goruna sun ƙare kafin a zo kanta. Da suka tambaya wace aljana ce mai wurin, Kaka ta ce, "Ga ta nan zaune, ciwon gwiwa ya dame ta."

Ni ma ban tsira ba. Lokacin ina saurayi, zuciyata ta faɗa kogin son Rakiya, wadda yau take uwar 'ya'yana. Na ce zan kai ta sama da la'asar ta ga yadda rana ke narkewa kan gonakin hatsi, in faɗa mata abin da ke raina. Na tsara kalmomina tsaf. Muna isa gindin hawan sai muka ji:

"Angona! Ka yi sabuwa ke nan? Madalla! Kai gora biyu, ita tulu!"

Muka iso sama ba mai numfashin cewa uffan. Kaka ta leƙa tulun Rakiya ta ce, "Ba ta zubar ba. Aure ta. Kai ko rabin naka yana cikin wandonka."

Wata rana na zauna kusa da ita na ce, "Kaka, na san abin da ya riƙe ki nan. Ƙaunar marigayi mijinki ce. Kowace iska da ta kaɗa ƙamshinsa take kawo miki."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ƙamshin wa? Mutumin da ke kwana da awaki? Nan sauro ne babu, sakarai!"

Amma ɗakin da ya gina da hannunsa ba ta taɓa yarda an canza masa ko azara ɗaya ba.

Randar nan ba ta bushe ba, sai dai jiki ya ƙi. Da ciwo ya kwantar da ita cikin damina, Kawu Mamane ya hau da samari da gadon kara, idonsa cike da ƙwalla, ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi wa Allah. Ƙasa akwai mai magani, akwai mutane."

Ta kamo hannunsa, ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Mamane, kushewa na ƙasa, ko an mayar da ita bisa ban sani ba?"

"Tana ƙasa, Inna."

"To mi kake gaggawa? Sauka guda zan yi. Kada ka sa 'ya'yan mutane aiki biyu."

Kawu ya yi dariya yana kuka, ya sallami samarin, ya shimfiɗa tabarmarsa bakin ƙofarta. Nan ya zauna har hatsi ya fara kai, sannan muka sauko da ita a kafaɗunmu, a hankali, sau ɗaya kamar yadda ta ce.

Ya Allah, baiwarka Hamsatu ta sha hawa a duniya. Ka shimfiɗe mata hanya a can, ka yalwata mata makwanci, ka sada ta da mai awakinta. Amin.