Ranar da Yaya ya je ganin shanun dutse

Yayana shan inna ya taɓa shi tun yana goye. Gyaran rediyo yake yi a kasuwar Sara, keken guragu ne ƙafarsa. Tun muna yara yake jin labarin shanun da mutanen dā suka zana a jikin duwatsun Birnin Kudu, bai taɓa gani ba, don hanyar duk tsakuwa ce da ƙaya.

Sai aka ce wata ƙungiya ta shimfiɗa siminti har bakin kogon da zanen yake saboda irinsu. Washegarin sallah muka ɗora keken a kan mota muka tafi.

Siminti kam an yi, sumul. Sai dai don a yi shi an sare tsamiyoyin da ke wa hanyar inuwa. Yaya na murza keke, gumi na zuba, yana cewa, "Allah ya saka wa masu tausayinmu."

A ƙarshen simintin muka tarar da shingen waya. Wata ƙungiyar ce daban ta kewaye wurin don kare zanen, ta bar 'yar ƙofa da ko mai ƙiba sai ya karkace. Keken ya ƙi shiga.

Yaya ya ce wa maigadin wurin, "Baba, ƙofar nan ta wa ce?"

"Don awaki aka matse ta, Malam. Suna goga jiki da zanen."

Muka leƙa. Awaki na kwance a inuwar kogon suna tuƙa. Ta ƙarƙashin wayar suka bi.

Na ce in goya shi, ya harare ni. Ya sauko, ya zura silifa a hannu, ya ja jiki ya shige. Ya daɗe yana kallon jan zanen da ya koɗe, wata saniya mai dogon ƙaho wadda ƙafafunta na baya suka goge. Sai ya fashe da dariya.

"Ashe 'yar'uwata ce. Ita ma ba ta fita."

Da muka fito, ƙarfen keken ya sha rana har ba ya taɓuwa, sai da maigadin ya juye masa ruwan butarsa. Da yamma Inna ta shafa wa Yaya man kaɗe a gwiwa tana faɗa. Shi kuwa duk wanda ya kawo rediyo a makon nan sai ya ce masa ya je ya gani, amma ya yi sammako.