Ranar da Aka Yi wa Baba Gayya

Babana bai iya karɓa ba. Bayarwa kam, a duk ƙauyenmu na bayan Gozaki ba wanda ya kai shi. In ana gayya a gonar wani, shi ne farkon zuwa da fartanyarsa, amma bai taɓa kiran gayya a tasa ba. Ko ruwa ka miƙa masa a gonarsa sai ya ce ya zo da nasa. Ranar godiyar kaka a coci, shi ke ɗauko dami mafi girma, ya dire gaban Fasto, ya ce, "Aikin hannuna ne." Mama sai ta sunkuyar da kai don kunya.

Wata damina babur ya kayar da shi a hanyar Malumfashi, ƙafa ta karye. Mai ɗori ya ce sai kwanciya. Dawa ta fito gwanin kyau, ciyawa kuma ta taso mata kamar ta haɗiye ta. Ni da Mama muka yi iya yinmu, ko kusurwa ɗaya ba mu gama ba. Abincinmu na shekara ke nan muna kallo yana lalacewa. Mama ta roƙe shi ya kira gayya, ya ce ba a haife shi don a tausaya masa ba.

Wata Asabar da safe ina shara sai na ji kiɗa. Na leƙa, na yar da tsintsiya. Matan zumuntar cocinmu ne cikin zanensu iri ɗaya, suna waƙa, tukwane a ka! Bayansu samarin coci da fartanyoyi a kafaɗa, can ƙarshe ga Alhaji maƙwabcinmu da 'ya'yansa. Gonarmu suka nufa kai tsaye. Na ruga ciki ina ihu, "Baba, sun zo! Duk gari ya zo!"

"Wa ya kira su?"

"Ba kowa!"

Ya sa aka ɗora shi a amalanken shanu, wai zai je ya kore su. Ni dai ina gefe ina tsalle, murna ta hana ni tafiya daidai. Kafin mu isa har sun ja layi, fartanyoyi na tashi suna sauka tare, ƙasa na juyewa baƙa wuluk. Samari na tsere, mata na guɗa, Fasto ya naɗe wando yana haki a baya ana yi masa tsiya. Baba ya buɗe baki, kiɗa ya danne muryarsa.

A al'adarmu mai gona ke ciyar da 'yan gayya. Nan Baba ya ga mafita. Ya ce da Mama a yanka bunsurunsa yanzu-yanzu, kada wani ya bar gonarsa yana binsa alheri.

Uwar zumunta ta ji. Gwaggonsa ce, ita ta goya shi, ita kaɗai ba ta shakkarsa. Ta taho da kwanon tuwo ta ajiye a cinyarsa.

"Bar bunsurunka, ɗan nan. Da abincinmu muka zo."

"Gwaggo, a gonata? Da me zan rama?"

"Ba za ka rama ba. A Linjila, Ubangijinka ma ya zauna wata mace ta wanke masa ƙafa, bai janye ba. Ka fi shi ne?"

Kiɗa ya tsaya. Kowa ya jingina da fartanya yana kallo. Na san Baba zai iya ture kwanon. Ya daɗe yana duban gonar, rabinta fes, ganyen dawa na kaɗawa. Sai ya wanke hannu, ya rufe ido ya yi addu'a, ya gutsuri loma.

Guɗar da ta tashi, ina jin har Kafur an ji ta. Ni kuka nake ina dariya.

Baba ya cinye tas, ya share ido da bayan hannu, ya miƙa kwanon da hannu biyu.

"Gwaggo," ya ce, "in da saura, a ƙara mini."