Badamasi Mai Korar Biki

Duk wanda ya je bikin Ramla a Bebeji, in ka tambaye shi me ya ci, sai ya yi dariya tukuna, don saura ƙiris a watse ba wanda ya kai loma baki. Kuma ba laifin masu girki ba ne. Laifin yatsun Badamasi mai jita ne, maƙwabcinmu a Kwanar Dangora.

Badamasi shi ne shugaban 'yan kiɗan da ake kira 'Yan Kwana. Akwai Sabo mawaƙi, akwai Mujitaba a kan fiyano, akwai mai kalangu, sai shi da tsohuwar jitarsa da aka ɗaure wa wuya da robar taya. Aikinsa shi ne zaɓen waƙar da za ta bi wata. Ba ya magana. In ya ɗaga wuyan jita sama, za a ƙara wuta. In ya sunkuyar, za a sassauta. Sauran su bi yatsunsa su faɗa sabuwar waƙa ba tare da kalangu ya yi shiru ba. Shi yana kiran abin ɗinki. Ya ce in ka bar ɓaraka tsakanin waƙa da waƙa, ta nan mutane ke tuna sun bar akuya ba ruwa.

Matan ƙauyukan nan kuwa sun haddace jerinsa kamar tuƙin tuwo. Da "Ku Matso" yake buɗewa. "Girgiza Buhu" ta samari ce, ita ke tayar da ƙura. "Gero Ya Nuna" ta iyaye mata ce, mai taku a hankali. Ta ƙarshe ita ce "Ɗauko Mayafi", kuma da an ji ta ba a jiran umarnin kowa: a lulluɓe amarya, a yi kuka, a sa ta a mota.

To, ranar bikin Ramla tun asuba Badamasi ke ban-ruwan tumatir. Daga gona ya hau acaɓa, hanya ta gama jijjiga masa ƙugu. Ana tsakiyar "Gero Ya Nuna", ko tukwane ba a buɗe ba, ga rana tsaka, sai barci ya sace shi a tsaye. Ido a rufe, baki a ɗan buɗe, amma yatsu na aiki. Su kuma yatsun nan gida suke so. Suka zame a hankali suka shiga "Ɗauko Mayafi". Mai kalangu ya bi, don haka aka koya masa. Sabo ya waiga ya ga jita a sunkuye, ya ce to, shugaba ya san abin da yake yi, ya ja baiti.

Nan take gwaggon amarya ta rangaɗa guɗa. Aka yi cikin gida da gudu, aka fito da Ramla a lulluɓe, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da lallen da bai bushe ba. Ƙawaye suka fashe da kuka na gaske. Aka tura ta mota, aka janyo direba daga gindin mangwaro yana tambayar ko gobara ce. Sai ga dangin ango sun karyo kwana da nasu kwanukan, sun zo cin biki, suka tarar ana rufe wa amarya ƙofar mota.

Da Badamasi ya farka ya ji abin da hannunsa ke kaɗawa, ya so ƙasa ta tsage. Aka fito da amarya aka mayar da ita ɗaki. Aka ci abinci ana ƙunshe dariya. Da lokacin tafiya na gaskiya ya yi, ƙawaye suka matsa ido, suka matsa, ko ɗigo. Sun riga sun kashe hawayen. Haka Ramla ta tafi gidan miji ana ƙyaƙyata dariya, uwarta kuwa har yau ba ta amsa gaisuwar Badamasi da kyau.

Tun daga ranar ya samu suna a layinmu. Uba mai faci, wanda bakinsa ba ya hutu, shi ya raɗa masa: Mai Korar Biki. In Badamasi ya fito da safe, Uba zai ɗaga guduma ya ce, "Jama'a, kowa ya cinye kokonsa da wuri, ga shi nan ya fito!" Badamasi ya wuce kawai, kamar da bango ake.

Da ba haka yake ba. Ɗan manomi ne daga Kiru. Yana saurayi wani direban tirela ya kwana biyu a Kwana yana jiran gyara, ya riƙa kaɗa jita a ƙarƙashin mota, Badamasi ya tsuguna gabansa har ya manta da saƙon da aka aike shi. Da direban zai tafi ya miƙa masa ita, ya ce ta ishe shi da surutu. Mahaifinsa ya rantse sai ya hura wuta da ita, sai Badamasi ya ɓoye ta a rumbu cikin dawa. Daga nan ya tara abokai. A zamaninsa daga Tudun Wada har Doguwa ba a sa ranar biki sai an ji ko 'Yan Kwana na da sarari. Yana iya tsayawa tun Azahar har rana ta yi ja bai jingina da komai ba.

Yanzu kunnensa na hagu ya mutu saboda tsayuwa kusa da sifika. Bayansa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Matarsa Asabe kullum tana dafa masa ruwan zafi tana mita: "Malam, wai jitar nan ce ta aure ka ko ni?" Shi kuma ya ce, "Ke dai zuba, Asabe, ita ba ta iya gasa baya."

Bayan abin Bebeji, Mujitaba ya zo har zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da ita.

"Yaya Badamasi, ba raini ba ne. Mutane sun fara tsoron kiranmu. Mun yi shawara ni zan riƙa ba da alama. Akwai biki a Ɗansoshiya, ka zo mu je. Daga shi kuma sai ka huta."

"In huta," in ji Badamasi.

"Ka huta, Yaya."

Sabo, abokinsa tun ƙuruciya, yana tsaye a bakin ƙofa yana nazarin farcensa. Badamasi ya dube shi, ya dubi jitar da ke rataye. Hutun yana so, wallahi yana so. Amma ba irin wanda ake miƙo wa mutum a zaurensa ba, daga ƙungiyar da ya kafa da hannunsa.

Bikin Ɗansoshiya na Fulani ne, 'yarsu Zubaida za a kai wata ruga a hayin rafi. Aka kafa kaya a fili. Badamasi ya taɓa jita ya ji ba ta fita a sifika. Ya duba, ya ga an zare wayar jitarsa daga sifika an cusa ƙarƙashin tabarma. Ya ci gaba da motsa yatsu don idon jama'a, shi kaɗai ke jin abinsa.

Mujitaba kuwa ya samu fili. Daga "Ku Matso" ya daka tsalle sai "Girgiza Buhu". Da ta ƙare ya sake ta. Samarin Fulani suka shigo da sandunansu, samarin gari suka shigo ta ɗaya gefen, kowa na son nuna wa ɗan'uwansa ƙafa. Gaskiya fili ya yi kyau, ko Badamasi ya yarda. Mujitaba na ta washe baki yana duka da hannu biyu.

Sai gabas ta haɗe. Iska ta fara kaɗa rumfa. Goggon amarya, wata doguwar tsohuwa, ta ratso ta tsaya gaban fiyano.

"Kai ɗan nan, ka sallame mu. In ruwan nan ya sauka rafi zai cika, yarinya ba ta ƙetarewa yau."

Mujitaba ya ce an gama, Goggo. Ya datse "Girgiza Buhu" a tsakiya kamar an yanke rake, ya faɗa "Ɗauko Mayafi". Fili ya ɗauki ihu. "Ba mu yarda ba! A mayar!" Wani ya buga sanda a ƙasa, wani ya riƙe ƙafar sifika. Samari sun cika hanyar da za a fito da amarya, jininsu na tafasa. Mujitaba ya tsorata ya mayar. Can ya sake gwadawa, ihun ya fi na farko. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya juyo.

"Yaya."

Badamasi ya nuna kunnensa na hagu.

Mujitaba ya zagayo ta dama. "Yaya, don Allah."

"Mayar min da wayata inda ka same ta."

Da jita ta fito, bai hana samari abinsu ba. Ya shiga "Girgiza Buhu" tare da su, har ya ɗaga wuyan jita ya ƙara musu wuta, suka yi shewa. Sannan ya fara sunkuyar da ita kaɗan-kaɗan. Kalangu na tafiya bai tsaya ba, sai dai takun na ƙara nauyi, har ba wanda ya san inda waƙar ta juye ta zama "Gero Ya Nuna". Goggo ta ji tata. Ta gyara zani ta shiga fili, iyaye mata suka biyo ta. Wane saurayi ne zai tsaya yana karkaɗa kafaɗa a gaban uwarsa da surukarsa? Ɗaya bayan ɗaya suka saɓa sanduna suka ja baya suna sosa ƙeya. Hanya ta buɗe. Daga nan Badamasi ya saki yatsunsa suka bi zamiyar nan ta Bebeji, wannan karon ido biyu. Aka yi guɗa, aka yi kuka mai kyau, aka wuce da Zubaida. Sun ƙetare kafin yayyafi ya zama ruwa. 'Yan kiɗa ne suka sha dukan ruwa, suna rufe sifika da tabarmi.

Washegari da hantsi Badamasi na kan bencin Uba yana shan iska, Mujitaba ya zo ya tsuguna.

"Yaya, maganar hutun nan a bar ta. Ka dawo kan alamarka."

Badamasi ya daɗe yana murza gwiwa. "Farko naka ne," ya ce. "Ƙafata ba ta iya tseren samari kuma. In rana ta karkata ka miƙo min. Kuma ku riƙa zuwa min da kujera mai jingina."

Mujitaba ya amsa da to, ya tashi da sauri kafin a canza magana.

Uba ya ajiye tayar da ke hannunsa. "Allahu akbar! Yau an naɗa shi a hukumance. Wasu a kira su su tara jama'a, namu a kira shi ya kore su. Ranka ya daɗe Sarkin Kora, in na tashi aurar da 'yata zan aiko maka, amma sai an ci abinci."

Badamasi ya miƙe a hankali, hannu a ƙugu, ya dubi bencin da ba kowa a kai.

"Kada ka wahalar da ni, Uba. Ni sai na haɗa jita da kalangu da janareta kafin mutane su watse. Kai gaisuwa kawai za ka tashi ka yi."