Inabin da Ba a Wankewa

Shekara ashirin da 'yan kai na yi a Riyad, kuma duk Bahaushen da ya taɓa buɗa-baki a unguwar Al-Shifa ya san kununa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma in dai abin jiƙawa ne a bari ya yi tsami, ba a haifi wadda za ta koya mini ba. Da hanci nake sanin kamu ya kai. In za a yi suna ko walima ni ake jira, kuma abin da ya fito daga hannuna ba a tambayar yadda aka yi shi. Duk abin da na tara a ƙasar mutane ke nan. Ban gina gida ba, ban sayi fili ba, sunan nan kawai nake da shi.

Da rana girki nake yi a gidan wani injiniya ɗan Italiya, a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Wata shekara ya je gida ya taho da ubansa. Tsohon ya rasa matarsa, ɓarin jikinsa ya shanye, sai da sanda yake jan ƙafa. Ba ya jin Larabci, ni ba na jin yarensu. Wuni guda zai zauna bakin taga yana kallon katanga, a kai abinci a dawo da shi yadda yake.

Ranar da na jiƙa gero a kicin ɗin, sai na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a bayana. Ya sunkuya kan robar ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya ɗaga mini babban yatsa. Daga nan kicin ya zama wurin zamansa. Ya nuna mini hotuna a waya: wata 'yar gonar inabi a jikin tudu, layi-layi, da matarsa ta naɗe siket tana tattaka inabi a cikin ƙaton baho tana dariya. Ɗan ya gaya mini da guntun Larabcinsa cewa tun kakansu suke da gonar, su huɗu ke aikinta, ba taki na kanti, ba feshi, ba a zuba wa ruwan inabin komai. Da tsohon ya kwanta ciwo aka sayar da ita.

Wata rana tsohon ya zana inabi a takarda, ya nuna da hannu yana son da yawa. Na tambayi ɗan me za a yi da shi. Yana ɗaure igiyar takalmi, bai ko ɗago ba, ya ce, "Khal, Mama. Mafi mushkila." Wato ba matsala. Khal dai ruwan tsamin nan ne da muke zubawa a salak. Na ce to.

Da aka kawo kwali uku na baƙin inabi na nufi famfo da shi, tsohon ya buga sanda a ƙasa har na razana. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya nuna mini farar ƙurar da ke jikin ɓawon, ya nuna robar kamuna. Nan take na gane. Ni ma ba na ƙwalƙwale ƙwaryar kamu tas, ragowar jiya ita ke tayar da na yau. Na ji daɗi a raina, na ce ashe Bature ma ya san abu.

Hannunsa ɗaya ne mai aiki, don haka ni na murje inabin a bokiti. Kwana biyu ya fara tsuwa yana kumfa. Safe da yamma ina danna ɓawon ƙasa da ludayi yadda ya koya mini, in tsoma yatsa in lasa, kamar yadda nake wa komai nawa. Kullum zaƙin na raguwa, wani ɗumi na hawowa maƙogwaro. Tsohon ya fara cin abinci, har aski ya sa aka yi masa. Bayan kwana goma muka tace da farin ƙyalle cikin wani ƙaton tulun gilashi, ya toshe bakin da kyau. Sito yana ƙasa, matakala bakwai, ƙafarsa ba ta kaiwa. Ya sa mini makullin siton a tafin hannu, ya nuna ranar Kirsimeti a kalanda.

Direban gidan, wani dattijo mutumin Maraɗi, shi ya ɗauki tulun ya kai ƙasa. Da ya hawo ya tsaya yana shinshina hannunsa.

"Hajiya, yaushe kika buɗe mashaya ba ki gayyace mu ba?"

"Kai Malam, ka kiyayi bakinka. Khal ne."

"Khal? Ni da na yi shekara shida ina tuƙa Turawa a Yamai? Wallahi giya ce, Hajiya. Tsantsarta." Ya kalli bakina. "Ba dai kin ɗanɗana ba?"

Na juya na nufi famfo.

Na wanke hannuna har fatar ta yi fari. Na so in zubar da tulun a masai, amma tsohon kullum da safe sai ya nuna ƙasa da yatsa, in gyaɗa kai, ya yi murmushi da rabin bakinsa mai motsi. Kuma zubarwa ba za ta mayar da maganar direba ciki ba. Na ce an ce mini khal ne, to khal zai zama, in kai wa kowa ya shinshina. Na san abin da iska da zafi ke yi wa abu mai tsami. Na cire toshiyar, na zuba ludayi biyu na khal ɗin kanti, na ɗaure bakin da ƙyalle, na jawo tulun kusa da injin ruwan zafi. Wata biyu ina gyaɗa wa tsohon kai kowace safiya.

Ranar Kirsimeti ya sa farar riga. Ni na kawo tulun kan tebur, toshiyar na bakinsa kamar ba a taɓa ta ba. Ɗan ya buɗe. Tsohon bai ko kai kofin baki ba, hanci kawai ya kai. Ya ajiye a hankali. Ɗan ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya yi dariya ya ce mini, "Zafin Riyad ne, Mama." Tsohon bai yi dariya ba. Mutum ne da ya yi shekara sittin yana wannan aiki, ya san ƙamshin khal ɗin kanti. Ya dube ni, ya miƙo hannunsa mai lafiya, na sa masa makullin. Bai gaya wa ɗansa komai ba. Bai kuma sake taka kicin ba. Kafin azumi aka mayar da shi ƙasarsu, gidan ajiye tsofaffi, ban ji labarinsa ba tun daga nan.

Na ɗura khal ɗin a kwalba na kai gidan da matan unguwarmu ke taruwa ranar Juma'a. Direban ya riga ni ba da labari, matarsa na zaune a wurin. Na buɗe kwalbar na ce kowa ta shinshina. Suka shinshina, babu wadda ta musa khal ne. Sai wata tsohuwa 'yar Damagaram, ƙawata ce ma, ta ce, "To Hajiya, kafin ya zama khal, mene ne shi? Wa kuma ya murje shi?"

Azumin shekarar na dama kunu cikin babbar kula kamar kullum, na zauna ƙofar gida bayan la'asar. Mutanenmu suna wucewa suna gaishe ni da ladabi, "Sannu da ibada, Hajiya," su zarce gidan gaba da robobinsu. Kwana uku ina haka. Rana ta huɗu ban jiƙa gero ba.