Adakar Sale Faktar

A Tasawa, in ka ce Sale kawai sai a tambaye ka wane Salen. In ka ce Sale Faktar kuwa, duk wanda furfura ta fara fito masa ya san shi. Faktar da bakin Faransa mai raba wasiƙu ke nan, sunan kuma ya bi shi har kabari. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, don haka abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani ɗiyarsa Hafiza ta ba ni daga baya.

A El Allassane Maïreyrey aka haife shi, gidan manoman gero masu ƴan awaki. An kai shi lekwal, makarantar boko, a Mayahi, bai gama ba fari ya zo, ubansa ya cire shi. Ya gangaro Tasawa neman abin kai wa baki, ya samu shara a gidan waya. Da aka lura yana karanta sunayen da ke bayan ambulan, sai aka rataya masa jaka. Cikin gari da keke yake rabo. Ranakun kasuwa kuwa ya hau bayan motar ƴan kasuwa, bisa buhunan gishiri, ya yi arewa: Mayahi, Issawane, har garinsu.

A lokacin maza sun watse bida, wato ci-rani, wasu Najeriya, wasu Libiya, wasu bakin teku. Matansu da iyayensu ba su karatun boko, saboda haka Sale ne mai kawowa, shi ne kuma mai karantawa a gindin bishiya. In ya gama sai ya ce, "Takarda taki ce, Inna. Fatar dai ki bar mini." Mutane su yi dariya su miƙa masa ambulan ɗin, don me za a yi da fanko?

Abin da yake so shi ne hatimi, wannan baƙin zagaye da ake bugawa a kan tambur, wato kan sarki, mai ɗauke da sunan garin da wasiƙa ta taso da ranar da ta taso. Sale bai taɓa wuce Maradi ta yamma ba, bai wuce Damagaram ta gabas ba, amma in ya buɗe adakarsa ta ƙarfe sai ka ce fatake ne suka sauke kaya. Ya fi ƙaunar garuruwan bakin iyaka. Yana da Ɗan Isa da Magarya da Matamaye, yana da Ƙonni da Gaya, yana da Ngigmi can bakin Tafkin Chadi, da Bilma ta cikin rairayi. Ta tsallaken iyaka yana da Daura da Maigatari. Akwai wata ambulan ta Jibiya da yake nuna mana yana dariya har da hawaye: ya ce da ɗan aike aka ba, da kwana ɗaya ta iso, amma sai da ta yi kudu ta zagayo ta Yamai, kowane gari ya buga mata nasa a baya, ta iso bayan an yi sunan jaririn da take ba da labarin cikinsa. Mafi tsufa a cikinsu na zamanin Nasara ne, matar wani tsohon falke ta ba shi su lokacin da take share ɗakin mijinta.

Matarsa Sa'adatu takan ce adakar ta fi ta samun hira. Ba ta hana shi ba dai, har ita ke sa masa ganyen bedi, wato dogon yaro, a ciki saboda gara.

Sai salula ta shigo. Wanda ke Libiya ya danna, uwarsa ta ji muryarsa tana tsakar gida. Jakar Sale ta yi ta ramewa, har ya zama in ya hau mota zuwa arewa kunya yake ji. Ya aje aiki. Ba a daɗe ba Sa'adatu ta rasu, Hafiza da aurenta ya mutu ta dawo tana kula da shi. Daga nan yanar ido ta fara rufe masa idanu, ɗaya bayan ɗaya, har ya koma sai an ja masa sanda zuwa masallaci. Ranar da ya ɗaga ambulan ya kasa ganin hatimin, ya rufe adakar ya miƙa wa Hafiza makulli.

"Aje mini," ya ce. "Abin da ido ke ci, hannu bai ƙoshi da shi. In Allah ya buɗe, ni buɗe."

Akwai ɗan ƙanwarsa, Maman Sani, wanda a gidan ya tashi, yanzu magidanci ne mai rumfar salula a tasha. Ba mugun mutum ba ne, shi ke kawo cefane in abu ya yi wuya. Wata rana ya gani a salula cewa Turawa na sayen tsofaffin tambura, har aka haɗa shi da wani mai saye a Yamai. Ya zo ya sami Hafiza a madafa.

"Dukiya ce kwance a ɗakin Kawu," ya ce mata. "Da ita za mu kai shi a yi masa aikin ido."

"Baba bai yarda," in ji ta.

"Wa ya ce a tambaye shi? Tamburan kaɗai za mu cire. Ambulan ɗinshi suna nan, ko ɗaya ba ta ɓata. In ya buɗe ido ya ga duniya, mi zai ce?"

Hafiza ta yi kwanaki tana juya maganar. Ta ce mini abin da ya karya mata zuciya shi ne ranar da ta ga uban ya yi tuntuɓe da turmi ya faɗi, ya zauna a ƙasa yana laluben hularsa. Ta ba da makulli. Duk la'asar, in an ja Sale zuwa majalisar tsofaffi a ƙofar masallaci, sai su zauna da almakashi. Maman Sani na yanke kusurwar, ita tana mai da ambulan ɗin yadda suke. Almakashin bai san hatimi ba. Ya raba shi biyu, ya tafi da sunan gari, ya bar guntun baƙi a gefen rami.

Maman Sani ya cika leda ya hau mota zuwa Yamai. Mai sayen ya zazzage ledar a kan tebur, ya motsa da yatsa, ya ɗago kai.

"Ina ambulan ɗin?"

"Suna gida. Ai tamburan kuke saye."

"Irin waɗannan tamburan sun fi yashi yawa," in ji mutumin. Ya ɗauki guntu ɗaya mai rabin sunan Bilma, ya daɗe yana kallonsa. "Da wannan ta zo cikakkiya, da sunan wanda aka aika wa da hatiminta, da mun zauna mun yi magana. Wa ya ba ku shawarar almakashi?"

Ko kuɗin motarsa bai mayar ba. Ya dawo da ledar, suka gwada liƙa guntayen da ƙaro, amma wa zai gane wane kai ne na wane jiki? Suka tura ledar ƙasan adakar, suka rufe, suka haɗa baki a kan shiru. Sale ya ci gaba da zuwa majalisa, wani lokaci har yana ba tsofaffi labarin Ngigmi da bai taɓa gani ba, Hafiza na jiyo shi ta katanga tana cizon leɓe.

Bayan damina biyu wasu likitocin ido suka sauka a yankin suna aiki kyauta. Hafiza ta kai shi, aka yi masa. Ranar da aka kwance masa ƙyalle unguwa ta cika gidan. Ya dube ni ya ce, "Kai, maƙwabci, ashe haka ka tsufa!" Aka yi ta dariya ana barka. Maman Sani na tsaye a bakin zaure, bai shigo ba.

Da mutane suka ragu, saura ni, sai ya ce, "Hafiza, makullina."

"Baba, likita ya ce ka huta da ido."

"Hutun shekaru bai isa ba? Kawo."

Ta kawo. Aka jawo adakar inuwar bedi. Ya buɗe, ya ɗauki ta sama, ya ga rami a kusurwa. Ya ce, "Gara ta shiga." Ya ɗauki ta biyu, ta uku. Ya shafa bakin yankan da babban yatsa, ya ji shi miƙe sumul. Ya tura hannu can ƙasa ya zaro na zamanin Nasara, su ma haka. Sannan ya ci karo da ledar.

Hafiza ta durƙusa tana kuka, tana faɗin yadda aka yi. Maman Sani ya matso ya tsuguna nesa kaɗan.

"Kawu, laifina ne. Don idonka muka yi."

Sale bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ka tambaye ni, da na ce maka a bar idon. Ko da na yarda, da na ce maka kada ka yanka. Magana ɗaya ce, Maman Sani. Ina cikin gidan ga, ba mutuwa na yi ba. Makanta kawai na yi."

Ya dubi tarin takardun ya ƙara da cewa, "Wanga ne aka buɗe mini ido in gani?"

Ya yi kwanaki ba ya fita sai salla. Sannan ya fara wani abu da ya ba kowa mamaki. Ya ware ambulan ɗin gari gari, ya ɗaure su da zare, ya ce tun da abin da ya roƙa a jikinsu ya tafi, sauran na masu shi ne, zai mayar. Hafiza ta hana, bai ji ba. Ya riƙa hawa motar kasuwa da tsufansa yana yin arewa.

Bai sami abin da ya yi tsammani ba. Yawancin sunayen suna maƙabarta. A Issawane wani makiyayi ya juya ambulan ɗin gaba da baya, ya leƙa ciki, ya tambaya ko taimako ake rabawa. Wata mai tuyar ƙosai ta karɓi na gidansu da godiya, kafin ya juya baya ta naɗe wa wani ƙosai a ciki. A garinsu El Allassane Maïreyrey ya sami wata mata mai suna Talatu, ya miƙa mata guda mai sunan uwarta. Ta sa aka karanta mata, ta riƙe da hannu biyu, don daga ubanta take, wanda ya tafi bida tana goye bai dawo ba.

"Baba, daga wane gari ya aiko?" ta tambaya.

Sale ya dubi kusurwar da babu. Ya rufe ido yana nema a kansa, bai samu ba.

"Ban sani ba, ɗiyata," ya ce.

Daga wannan tafiyar bai sake hawa mota ba. Ya dawo da zazzaɓi da tari, ya kwanta. Maman Sani na zuwa kowace Juma'a da nama da lemo, Sale ya amsa gaisuwa ya juya fuska ga bango. Da ciwon ya yi nauyi, liman ya zo da kansa ya sa baki, ya ce zumunci ya fi takarda. Maman Sani ya durƙusa a gaban gado ya roƙi gafara.

"Na yafe maka," in ji Sale, "don Allah ya ce a yafe, ni ma ina nema. Amma kada ka sa ran in ce ba komi. Da komi."

Ya rasu bayan an shigar da gero rumbu, bara. Ba shi da ɗa namiji, saboda haka Maman Sani ne ya sauka cikin kabarin ya karɓe shi. Da muka juyo daga maƙabarta ya tsaya a baya shi kaɗai, ƙasa har gwiwar wandonsa, babu wanda ya kira shi, shi ma bai biyo mu ba.